Zaharaddeen na Rumbu da Mawaƙinsa na Uku

A layin masu gyaran waya da ke unguwar Jega Firchin akwai wani shago mai koren ƙyaure, an rubuta RUMBU a samansa da jan fenti. Mai shagon shi ne Zaharaddeen Ya'ƙub, wanda samarin gari ke kira Deeni. Shekarunsa talatin da huɗu, gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana da mata da 'ya'ya biyu. A cikin wannan shago yake tafiyar da ɗan kamfaninsa na waƙoƙin gambarar zamani, wadda yara ke ce wa hip-hop.

Ɗan mahauta ne. Mahaifinsa, Malam Ya'ƙub, ya shekara arba'in da teburin nama a kasuwar Jega, kuma tun Deeni yana firamare yake tsayawa gefen teburin. Bai taɓa iya yanka mai kyau ba, yayyensa sun fi shi hannu nesa ba kusa ba. Abin da ya fi su shi ne baki. In ya fara kiran masu saye, yana jera hanta da tumbi da ƙashin miya cikin kari, sai ka ga matar da ta zo sayen gishiri ta tsaya tana dariya, ƙarshe ta tafi da nama.

Da ya gama sakandare ya koyi gyaran waya, ya haɗa da tura wa mutane waƙoƙi a memori. A nan kunnensa ya cika da gambarar mawaƙan Kano da Kaduna da Jos da Yamai. Ya fara rubuta tasa, yana kwaikwayon harshen Kano. Wanda ya fara jin ta shi ne amininsa Idris, ɗan kabu-kabu daga Maiyama, wanda ke ajiye babur a ƙofar shagon in ya kawo fasinja Jega. Idris ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya.

"Kai da ka tashi kana cewa mi, yau ka koma me? Wa kaka ruɗi, Deeni? Yi ta da bakin gidanku mu ji."

Deeni ya ji haushi, amma ya yi. A shekarar 2014 ya je wani situdiyo a Birnin Kebbi ya ɗauki waƙar da ya sa wa suna "Wanga Gari", da Hausar da ake yi a tashar Jega, ba ragi ba ƙari. Cikin wata biyu ta zagaye wayoyin 'yan kabu-kabu daga Jega zuwa Aliero zuwa Maiyama. Da labari ya kai kunnen Malam Ya'ƙub, ya kira shi bayan sallar la'asar.

"An ce ka zama maroƙi."

"Ba roƙo na ba, Baba. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Ba ka roƙi kowa ba, ba ka zagi kowa ba?"

"Awo, Baba."

Tsohon ya ce to Allah shi kyauta, kada dai ya ji an ce ya bar salla. Iyakar izinin da ya samu ke nan, kuma ya ishe shi.

Bayan shekara biyu ya kama ɗakin da ke manne da shagonsa. Da can wani ɗan kasuwa ke ajiye hatsi a ciki, mutanen layin suna kiransa rumbu, shi kuwa bai ga dalilin sauya sunan ba. Ya manna kwalayen ƙwai a bango don su tsare amo, ya sayo tsohuwar kwamfuta da makirufo ɗaya, ya ce kamfani ya kafu. Shi ne mawaƙi na farko. Idris ne na biyu, mai murya kamar an buga turmi, wanda duk waƙoƙinsa a kan hanya suke: tsadar mai, fasinja mai ciniki, ramin da ke kusa da gada.

Na uku ya zo ne da damina a 2017, kuma ba waƙa ta kawo shi ba. Wani dogon saurayi ne siriri, da sanda a kafaɗa, ya miƙo waya ya ce saniya ta taka ta. Sunansa Alu. Rugarsu tana bayan Jandutsi, sun fi shekara talatin a wurin, in an yi girbi shanunsu ke kwana a gonakin manoman ƙauyen suna ba su taki. Deeni ya sauya gilashin wayar, ya kunna wani sauti da ke ciki don ya gwada sifika. Sai ya ji ana buga ƙwarya da tsinke, wata murya tana gudu a kai, Fulatanci da Hausa suna shiga juna ba tare da tuntuɓe ba.

"Wa yai wagga?"

Alu ya sunkuyar da kai. "Ni na. Wasa na kawai, in ina kiwo."

Sai da aka yi wata uku ana lallashi. Duk ranar kasuwa Alu zai zo, ya zauna a benci, ya saurari abin da ake ɗauka, in an ce ya shiga ya ce wata rana. Ranar da ya yarda, sai da ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kafin ya tsaya gaban makirufo. Baiti ɗaya ya yi, bai maimaita ba, Idris ya tashi tsaye yana salati. Deeni ya kama hannun Alu a gaban kowa ya ce:

"Daga yau nan gidanka na. Duk wanda yat tambaye ka, ko'ina, ka ce kai ɗan Rumbu na, ka ba shi lambata."

Daga baya aka samu Hamida, 'yar wani dillalin albasa a Aliero, wadda take karatu a jami'a. Amshi ta fara yi musu, yayanta na rako ta, har ta gaji da amshin ta ce ita ma tana da abin faɗa, ta rubuta baitocinta. Na biyar shi ne Jabir, wanda bai cika waƙa ba amma shi ke haɗa kiɗa. Su biyar ɗin nan su ne Rumbu na asali, hotonsu yana nan a tsoffin fastoci.

A 2019 suka yi waƙar da ta fitar da su, "Rafi Ɗaya". Maganar manomi da makiyayi ce, yadda suke sha a wuri ɗaya. Kowa ya yi baitinsa, amma na Alu ne a tsakiya, da Fulatanci zalla. Yaran Jega suka haddace shi ba su san ma'anarsa ba. Aka sa waƙar a rediyo, aka yi ta a bukukuwa har Yawuri da Argungu. Mahaifin Alu, wani dattijo mai suna Jibrilla, ya aiko wa Deeni da ƙwaryar man shanu, ya ce a gaya masa ya gode da ya riƙe masa ɗa da mutunci.

Sai zamani ya juya. Labaran 'yan bindiga da ake ji daga nesa suka fara matsowa, ana ɗauke mutane a hanya, ana kore shanu. Tsoro ya shiga garuruwa, kuma tsoro ba ya tantancewa. Mutumin da ka shekara ashirin kana sayen nono a hannun matarsa, yau in ya shigo kasuwa sai a bi shi da ido. A ƙarƙashin bidiyon "Rafi Ɗaya" aka fara rubuta maganganu marasa daɗi a kan Alu. Shi kansa ya rage zuwa Jega.

A cikin wannan hali, a 2021, wani mai shirya wasanni daga Abuja ya gayyaci Rumbu babban wasa a Birnin Kebbi. Shi ne karo na farko da za su hau dandamali ɗaya da manyan mawaƙan Arewa. Mutumin ya duba fastar da Jabir ya tsara, ya ɗora yatsa a kan hoton Alu.

"Wannan ku bar shi a gida. Ba don komai ba, lokacin ne bai dace ba. Kada wani ya yi jifa a ɓata mana taro."

Idris ya ce in ba Alu to shi ma ba shi. Deeni ya ja shi gefe ya yi ta ba shi baki, ya ce wasa ɗaya ne, in sun samu shiga za su jawo Alu daga baya. Aka buga fasta da mutum huɗu. Deeni ya ce zai kira Alu ya yi masa bayani, kullum sai ya ce gobe.

Kwana biyu kafin wasan, da hantsi, yana zaune a ofishin mai shirya wasan ana maganar tsarin fitowa, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya fita baranda ya ɗauka. Wata murya mai kauri ta tambaya ko shi ne Zaharaddeen mai waƙa. Ya ce shi ne.

"'Yan sa-kai na, daga wata kasuwa gaba da Maiyama. Mun tsare wani Bahillace nan da waya biyu da baƙon babur. Ya ce yaronka na, wai kai ka iya tsaya mai. Ka san shi?"

Abubuwa da yawa suka zo wa Deeni a lokaci ɗaya. Ya tuna wani mai shago a unguwarsu da ya tsaya wa wani, aka ce shi ke kai wa ɓarayi labari, har yau bai dawo daidai ba. Ya tuna wata huɗu rabonsa da Alu, bai san inda yake zuwa ba. Ya waiwaya ta taga ya ga mai shirya wasan yana dubansa.

"Na san shi ga waƙa," ya ce. "Amma yanzu ba shi tare da mu. Ban san harkokinai ba."

Daga can nesa a cikin wayar ya ji an ɗaga murya: "Deeni! Deeni, ni na, Alu!"

Ya kashe wayar. Ya koma ciki ya zauna, aka ci gaba da magana a kan wa zai fara hawa, wa zai biyo. Ya gaya wa kansa cewa tambayoyi kawai za su yi masa su sake shi. Ya gaya wa kansa in ya fita zai kira hakimi. Da ya fita bai kira kowa ba, don kiran yana nufin ya faɗi abin da ya riga ya faɗa.

Idris ne ya ji labari da yamma daga bakin 'yan'uwansa 'yan kabu-kabu. Bai tsaya neman Deeni ba. Ya je Jandutsi ya ɗauko mai garin a bayan babur, suka tafi tare. Dattijon ya rantse cewa a gabansa aka haifi Alu, babur ɗin na ƙanin mahaifinsa ne, waya ta biyu kuma ta mahaifiyarsa ce da ya kawo caji. Kanwar shanu ya je saye. Aka sake shi washegari da safe, amma ba da ƙafarsa ya fito ba. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, haƙoransa na gaba uku sun zube. Idris ya samo mota ya kai shi gidan wani mai ɗori a Aliero, sannan ya kira Deeni ya gaya masa, ya ce shi ba zai zo wasa ba. Bai san da maganar waya ba tukuna.

Deeni ya hau dandamali da Hamida da Jabir. La'asar ce sakaliya, filin ya cika maƙil. Da aka zo "Rafi Ɗaya", Jabir ya riga ya yanke muryar Alu daga kiɗan, an shirya Deeni zai cike gurbin da sabon baiti. Kiɗan ya iso wurin, ya buɗe baki, sai filin gaba ɗaya ya ɗauki baitin Alu. Dubban mutane, yawancinsu ba su jin Fulatanci, suna rera shi kalma bayan kalma. Deeni ya tsaya da makirufo a hannu bai ce komai ba har suka kai ƙarshe. Mutane suka ɗauka salo ne, suka yi ta tafi. Da ya sauko ya zagaya bayan motar janareta ya yi amai.

Kwana tara ya yi kafin ya iya zuwa Aliero. Ya sayi lemo da madara da sabuwar shadda, ya shiga gidan ɗorin. Majinyata na kwance a jere ƙarƙashin rumfa, kowa da ƙafa ko hannu a ɗaure da karare. Malam Jibrilla ne ya fara ganinsa. Ya taso da sauri ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, ɗana. Na san hidima ta riƙe ka. Idris ya yi muna abin da ɗan'uwa ka yi, kuma na san kai ka turo shi. Allah shi saka maka."

Deeni ya ce amin. Dattijon ya tafi alwala, ya bar su su biyu. Alu yana kwance a tabarma, kumburin fuskarsa ya sabe amma leɓensa bai gama warkewa ba. Suka gaisa. Deeni ya tambayi jiki, Alu ya ce da sauƙi. Deeni ya fara cewa ranar nan da aka kira shi, layin bai da kyau, bai gane ba sosai.

"Sun sa wayar ga sifika," in ji Alu. Maganarsa tana fita da iska saboda gurbin haƙoran. "Kowa ya ji. Ni ma na ji."

Alu ya ci gaba:

"Kahin su kira ka ba su taɓa ni ba. Ɗayansu ma ya ce ya san waƙar. Sun ce in ka amsa, in tahi."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalle shi ba, yana kallon rufin rumfar ne. Deeni ya durƙusa ya ce ya yafe masa don Allah, tsoro ne ya kama shi. Alu ya ce ya sani, kowa tsoro yake ji yanzu. Ya ce ya yafe. Sannan ya roƙe shi abu ɗaya, kada ya gaya wa Baffa, wato mahaifinsa, don tsohon yana ganin girmansa.

Idris ya ji gaskiyar daga bakin ɗaya daga cikin waɗanda suke wurin ranar. Ya zo shagon da rana tsaka, bai zauna ba, ya ce wa Jabir ya tura masa waƙoƙinsa a memori. Ya dubi Deeni ya ce, "Da ni anka kama, haka za ka ce?" Bai jira amsa ba ya hau babur. Daga ranar bai sake shiga Rumbu ba. Suna gaisawa in sun haɗu a hanya, ya zo ta'aziyya da Malam Ya'ƙub ya rasu, amma iyakarta ke nan.

Alu ya yi wata huɗu a Aliero. Ƙafar ta haɗe, sai dai ta ɗan gajarta, yana ɗingishi. Deeni yana zuwa duk mako, duk zuwa kuma sai Malam Jibrilla ya yi masa godiya da addu'a, har ya fara gaya wa sauran majinyata cewa ga ubangidan ɗansa, mutumin kirki. Wannan godiya ta fi komai ci masa rai. Matarsa Hamsatu ta ga ya daina cin abinci sosai, ya daina rubutu, ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ce ita ba za ta ce masa bai yi laifi ba, amma cin godiyar da ba taka ba shi ma wani laifin ne.

Da kaka ta yi, dangin Alu suka yanke shawarar tashi. Mutanen Jandutsi sun roƙe su su zauna, amma dattawan rugar suka ce hankalinsu bai kwanta ba, za su bi 'yan'uwansu kudu, wajen Kwara. Ana gobe za su kama hanya Deeni ya je rugar. An riga an kwance bukkoki, mata na ɗaure ƙore. Ya sami Malam Jibrilla shi kaɗai a gindin wata ƙirya, ya zauna a ƙasa, ya faɗa masa komai, har kalmomin da ya yi amfani da su a waya. Ya karya alkawarin da ya yi wa Alu, ya sani.

Dattijon ya saurara yana jan carbi. Da Deeni ya gama, sai ya ce:

"Da ka bar ni da godiyata, ɗana. Ita kaɗai nika shirin ɗauka daga garin ga."

Ya tashi ya tafi wajen shanu. Bai zage shi ba, bai kuma yi masa sallama ba. Har yau Deeni bai san ko faɗar da ya yi daidai ce ba, ko kuwa nauyinsa ya sauke ya ɗora wa tsoho.

Rumbu bai mutu ba. Hamida ta gama karatu, tana koyarwa a wata sakandare, takan zo ta yi baiti ɗaya ko biyu in an yi hutu. Jabir ya koma Kaduna inda ake neman masu haɗa kiɗa. Yanzu mawaƙa uku ne a kamfanin: Fadila, wadda ke waƙoƙi a kan 'yan mata da karatu, da Ladan, wani tela daga Maiyama mai ban dariya, da wasu tagwaye daga Aliero da ake lissafa su a matsayin mutum ɗaya don ba su rabuwa. Deeni shi ke ɗaukarsu, shi ke haɗa musu kiɗa, shi ke raka su wasa. Shi kansa bai sake fitar da waƙa ba tun 2021. In an tambaye shi sai ya ce girma ya zo. Sau biyu aka kira shi a kan wani da aka tsare, sau biyu ya rufe shago ya tafi da kansa, ɗaya ma bai san mutumin ba sai a fuska. Bai ɗauki wannan a matsayin biyan komai ba.

Bara, bayan babbar salla, Alu ya zo Jega tare da wani kawunsa sayar da bijimai. Alu ne ya aiko a gaya wa Deeni yana kara, kasuwar shanu. Deeni ya same shi zaune a kan buhun dusa, ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu, ya yi aure har da ɗiya. Malam Jibrilla yana nan da rai, in ji shi, sai dai ido ya yi rauni. Suka je rumfar wata mai tuwo suka ci abinci. Suka yi hirar ruwan sama na can da na nan, da ƙudan tsando da ke damun shanu a kudu, da yadda hanyar Kontagora ta lalace. Ba wanda ya ambaci waƙa. Da kawun ya gama ciniki, Deeni ya ɗauki Alu a babur ya kai shi tasha, ya riƙe masa jaka har ya hau mota, don ƙafar ba ta son tsayin mataki. Alu ya leƙo ta taga ya ce a gaida Hamida da Idris. Motar ta jira cikon mutum biyu, Deeni yana tsaye a rana har ta cika ta tashi, sannan ya koma shago, inda Fadila ke jiransa su ƙarasa ɗaukar amshi.